Ɓera a Mota Mai Ɗaki: Jan Kunne Ga Sababbin Zuwa Ingila

Tsadar haya a Ingila ta sa wasu 'yan'uwanmu sababbin zuwa suna sayen mota mai ɗaki, irin wadda ke da gado da murhu da ɗan firji a ciki. Wani don ya riƙa kwana kusa da wurin aiki, wani don fita da iyali lokacin zafi. Ban ga laifin wannan ba. Abin da ke ƙona mini rai shi ne yadda ake kulle motar a watan Oktoba, a tafi a bar ta da ragowar kilishi da ƙuli-ƙuli da rabin buhun garin kwaki, sannan a watan Maris a zo ana salati. In ɓera na da sata, daddawa ma na da wari. Sanyi ne ke koro shi daga gona, ƙamshin kayanmu kuma ya nuna masa ƙofa.

Maganinsa ba ɓoyayye ba ne. Kwashe duk abin ci, har da ɓurɓushin da ke ƙarƙashin kujera, ka ɗauke bargo da matashin kai da takardar goge hannu, domin da su yake shimfiɗar haihuwa. Ramin da fensir zai shiga, wajen milimita 6, ya ishe shi. Kwanta a ƙasa da tocila ka duba inda bututun ruwa da wayoyi suka ratsa, ka cusa soson ƙarfe. Amma kada ka kuskura ka toshe ramukan da aka bari a ƙasan ma'ajiyar tukunyar gas. Gas ya fi iska nauyi, in ya tsiyaya ta nan yake fita. Raga ta ƙarfe mai ƙananan ido za ka sa musu. Ɗana tarko a jikin bango da ɗan tunkuza, ka riƙa leƙawa kowane mako, har ka buɗe murfin inji. Kashin ɓera kuma ba a share shi a bushe: a jiƙa da ruwan bilic, a sa safar hannu, a goge.

Gam ɗin kama ɓera da muka saba da shi a gida, manta da shi. Tun 31 ga Yulin 2024 laifi ne a Ingila mutum ya ɗana shi in ba ƙwararre mai lasisi ba ne, a Wales kuwa an hana shi gaba ɗaya tun 2023. Shinkafar ɓera ma kada ka sa a aiko maka da ita. Ɓeran zai je ya mutu a cikin bangon motar inda hannu ba ya kaiwa, ko kyanwar maƙwabci ta ci shi, kuma mutanen nan ba sa wasa da dabbobinsu.

Yanzu ga inda ni abin ya cije ni. Ɓera ya gaigaye wayoyin injin motata, makanike ya yanka kuɗin da ya kusa albashina na wata. Na kira kamfanin inshora hankalina kwance, tunda mai cikakkiyar kariya na saya. Sai aka karanto mini wani layi a can cikin takardar yarjejeniya, a jerin abubuwan da ba sa biya: ɓarnar ɓera da ƙwari. Wasu kamfanoni suna biya, wasu ba sa biya, kuma mai sayar maka ba lalle ne ya ɗaga maganar ba. Don haka kafin ka biya ko sisi, nemi wannan jerin ka karanta, ka tambaye su kai tsaye, kuma amsar ta zo a rubuce. In ka ga an zalunce ka, rubuta musu ƙorafi. In sun ba da amsar ƙarshe, ko mako 8 ya wuce shiru, kana iya kai ƙara kyauta ga Financial Ombudsman Service.

Bayan wannan tarkon na inshora akwai na biyu, kuma fushi ne ke jefa mutane ciki. Mutum ya ce tunda motar ba ta tashi, inshorar ma ba ta amfane ni ba, bari in soke ta. A nan, mota mai rajista da sunanka dole ta kasance da inshora ko da ba ta motsa ba, sai in ka sanar da hukumar DVLA cewa ka janye ta daga hanya. Wannan sanarwa ita ce SORN. Kyauta ce, a intanet ake yi, har a mayar maka da harajin cikakkun watannin da suka rage. In ba ka yi ba, wasiƙar gargaɗi za ta zo, sai tarar fam 100, ana iya ɗaure ƙafar motar ko a ɗauke ta, in an je kotu ta kai fam 1,000. Kuma motar da aka yi wa SORN ba ta kwana a bakin titi, sai a fili mai zaman kansa.

Ɗan'uwa, yarinyar da ta ɗauki wayarka a kamfanin inshorar ba ita ta rubuta sharaɗin ba, kada ka ɗaga mata murya. Kada kuma wani mai wayo ya ba ka shawarar ka ce ɓarayi ne suka yanke wayoyin. Shatin haƙori ba ya ɓoyuwa ga mai bincike, zamba cikin inshora laifi ne, kuma baƙon da ke jiran sabunta takardar zama ba shi da rarar suna da zai yi caca da ita. A wurin ajiyar motoci, ɗaure shararka ka kai inda aka tanada. In ka ga alamar ɓera, gaya wa mai wurin da maƙwabtan motarka ranar da ka gani, ba abin kunya ba ne. Abin kunya shi ne wanda na sha gani: mutum ya naɗe wayoyin da aka ci da salatif, ya fesa turare, ya sayar wa ɗan garinsu da bai yi wata biyu da sauka ba. Kai mai saye, ɗaga katifa, buɗe kowace durowa ka shinshina, ka je da makanikenka, ko da liman ne ya haɗa ka da mai motar.