Malamin Dabbobi a Arewacin Nijeriya: Matakan Horo, Fagagen Aiki da Matsalar Harshe

Tsakure

Wannan maƙala ta yi nazarin sana'ar malamin dabbobi, wato ma'aikacin da ya sami horo a kan lafiyar dabbobi amma bai kai matsayin likita ba. An bibiyi asalin sana'ar tun daga yaƙin da aka yi da cutar bushiya a zamanin mulkin mallaka, sannan aka fayyace matakan karatun da ɗalibi yake bi a yau da wuraren da yake samun aiki bayan ya kammala. Maƙalar ta nuna cewa ana koyar da ɗalibi da Ingilishi, alhali galibin aikinsa a Arewa da Hausa yake gudana, kuma sunayen cututtuka na gargajiya ba su cika dacewa da rabe-raben kimiyya ba. A ƙarshe an ba da shawarar haɗa gwiwa tsakanin masana Hausa da kwalejojin lafiyar dabbobi domin daidaita kalmomin fannin.

Fitilun Kalmomi: malamin dabbobi, horo, kiwo, bushiya, keɓaɓɓun kalmomi

1.0 Gabatarwa

Dabba a wurin Bahaushe dukiya ce kuma asusu ce. Da ita ake huɗa, da ita ake layya da suna, ita ake sayarwa ranar da buƙata ta taso ba shiri. Matar da take kiwon awaki biyu a kurkuɗi da Bafulatanin da yake kora garke zuwa mashekari duk sun san cewa cuta guda tana iya share tarin shekaru cikin mako ɗaya. Idan dabba ta kwanta, mutumin da ake fara kira a ƙauye sau da yawa malamin dabbobi ne, domin likitoci sun fi yawa a birane da jami'o'i da ma'aikatu. Duk da haka, ɗalibai da iyaye da yawa ba su san hanyar shiga wannan sana'a ba, kuma jama'a kan haɗa mai horo da marar horo su kira su da suna ɗaya. Manufar wannan maƙala ita ce warware wannan ruɗani da kuma jawo hankalin manazarta Hausa ga wani fage da yake buƙatar gudummawarsu.

2.0 Wane ne Malamin Dabbobi?

A tsarin kula da lafiyar dabbobi na Nijeriya akwai rukunin ma'aikata uku da ya kamata a bambanta. Na farko shi ne likitan dabbobi, wanda ya yi shekara shida a jami'a, kamar Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ko Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato ko Jami'ar Maiduguri, sannan Majalisar Likitocin Dabbobi ta Nijeriya ta yi masa rajista bisa dokar 1969. Na biyu shi ne malamin dabbobi, wanda ya yi difiloma ko babbar difiloma a fannin lafiyar dabbobi da kiwonsu, kuma yake aiki ƙarƙashin kulawar likita. Na uku shi ne ɗan gari da aka zaɓo daga cikin makiyaya aka ba shi gajeren horo domin ya riƙa kai rahoton cuta da yin ƙananan ayyuka.

Kalmar "malam" a nan ta samo asali ne daga yadda Hausawa suka riƙa kiran ma'aikatan En'e masu ilimin boko, kamar malamin gona da malamin daji da malamin asibiti. Matsayin malamin dabbobi kusa da likita ya yi kama da na malamin asibiti kusa da likitan mutane. Sai dai a bakin jama'a duk wanda ya riƙe sirinji "likita" ne ko "dakta", kuma wannan sakin suna yana daga cikin abubuwan da 'yan bumburutun sana'a suke fakewa da su.

3.0 Asalin Sana'ar

Tarihin wannan sana'a yana ɗaure da cutar bushiya. A wajajen 1890 annobarta ta ratsa Afirka ta hallaka mafi yawan shanun yankin, ta bar makiyaya da yawa hannu rabbana. Bayan Turawa sun kafa mulki, sun buɗe sashen kula da dabbobi a Zariya a 1913, sannan a 1924 aka mayar da ɗakin bincike zuwa Vom a ƙasar Filato domin haɗa maganin kariya daga bushiya. Wannan wuri shi ne ya zama Cibiyar Binciken Lafiyar Dabbobi ta Ƙasa, wadda har yau take haɗa alluran rigakafi. Da yake Turawan likitoci ba su da yawa, dole aka horar da 'yan ƙasa masu yin allura da mataimaka, kuma daga wannan buƙata makarantar horo ta Vom ta samu a 1941.

Waɗannan ma'aikata ba su sami karɓuwa cikin sauƙi ba. Allurar garke tana tafiya da ƙidaya, ƙidaya kuwa a tunanin makiyayi ƙanwar jangali ce. Haka kuma makiyaya suna da nasu ilimin: suna amfani da saƙe-saƙi da sakiya da lalas, har ma suna da wata dabarar rigakafin ciwon huhu, inda ake tsaga karan hancin saniya a cusa ɗan yankin huhun wadda ta kamu. Sai da aka bi ta hannun sarakuna da arɗaɗɗu kafin aikin ya zauna. Gangamin rigakafi na haɗin gwiwa da aka fara a 1962 a yankin Tafkin Cadi ya rage bushiya ƙwarai, amma da aka yi sakaci ta dawo a farkon shekarun 1980 ta yi mummunar ɓarna. A 2011 aka bayyana cewa an kawar da ita daga duniya baki ɗaya, kuma ita ce cuta ta biyu da aka taɓa kawarwa bayan agana. Hannun da ya riƙe allura a rugage a tsawon wannan yaƙi, galibinsa na malaman dabbobi ne.

4.0 Matakan Horo

Hukumar kula da ilimin fasaha ta ƙasa, wato NBTE, wadda aka kafa a 1977 kuma hedikwatarta take Kaduna, ita ce mai tsara manhaja da tantance kwasa-kwasan difiloma. Daga cikin makarantun da suke ba da wannan horo akwai Kwalejin Tarayya ta Fasahar Lafiyar Dabbobi da Kiwo da ke Vom, da takwararta ta Ibadan, da Kwalejin Aikin Gona da Kimiyyar Dabbobi ta Mando a Kaduna wadda take ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello, da kwalejojin aikin gona na jihohi irin su Kwalejin Audu Baƙo ta Ɗambatta.

Ana buƙatar mai neman shiga ya sami kiredit ɗin da aka ƙayyade a jarrabawar kammala sakandare, ciki har da Lissafi da darussan kimiyya, sannan ya nemi gurbi ta hannun JAMB. Karatun yana tafiya kamar haka:

i. Difiloma ta ƙasa: shekara biyu, tare da 'yan watannin koyon aiki a asibitin dabbobi ko gona ko ɗakin bincike.

ii. Shekara guda ta sanin makamar aiki a wajen makaranta.

iii. Babbar difiloma: ƙarin shekara biyu, inda ɗalibi yake zurfafawa a ɓangare guda, daga nan ya tafi bautar ƙasa.

Abin da ake koyarwa ya haɗa da ƙirar jikin dabba da yadda gaɓoɓinta suke aiki, da ƙwayoyin cuta, da tsutsotsin ciki da kaska, da ilimin magunguna, da abincin dabbobi, da duba nama, da dabarun wayar da kan manoma. Amfanin ilimi aiki da shi, saboda haka horo na hannu yana da babban matsayi. Dole ɗalibi ya iya kayar da bijimi da igiya ba tare da ya ji masa ciwo ba, ya iya auna zafin jiki ya san cewa na lafiyayyar saniya yana tsakanin digiri 38 da 39, ya iya ɗibar jini daga jijiyar wuya, ya iya ƙiyasta nauyin dabba kafin ya auna magani. Dole kuma ya san cewa yawancin alluran rigakafi ana ajiye su cikin sanyi tsakanin digiri 2 da 8, domin allurar da ta sha rana a bayan babur ruwa ce kawai, ko da kwalbarta tana nan a rufe.

5.0 Fagagen Aiki

Fage na farko shi ne aikin gwamnati: asibitocin dabbobi na jihohi da ƙananan hukumomi, da gangamin rigakafi na shekara-shekara, da wuraren binciken dabbobi a kan hanyoyi da iyakoki. Manyan kasuwannin kara irin su Maigatari da Illela da Mai'aduwa suna karɓar dabbobi daga Jamhuriyar Nijar, kuma cuta ba ta neman fasfo, don haka sa ido a irin waɗannan wurare yana kare garken ƙasashen biyu. A 2024 Gwamnatin Tarayya ta kafa ma'aikata ta musamman domin bunƙasa kiwo, abin da ya ƙara fito da muhimmancin fannin.

Fage na biyu shi ne mayanka. A nan ana duba dabba kafin yanka da bayan yanka, a ware huhun da ke da alamun tarin fuka ko hantar da tsutsa ta ci, cikin hulɗa da Sarkin Fawa da mahauta. Wannan aiki lafiyar mutane yake karewa, tun da tarin fuka da bakkale da ciwon saifa duk suna iya tsallakowa daga dabba zuwa ɗan Adam.

Fage na uku shi ne gonakin kaji da na madara da masana'antun abincin dabbobi. Bayan ɓullar murar tsuntsaye a wata gonar kaji a Jihar Kaduna a 2006, masu gonaki sun ƙara fahimtar amfanin ma'aikacin da ya san tsarin rigakafi da tsaftar gona. Akwai kuma ɗakunan gwaje-gwaje, da ƙungiyoyin raya karkara, da aikin kai, kamar turkar raguna da shanu ko zagayawa rugage tare da haɗin gwiwar likita. Wanda yake son ci gaba da karatu yana iya neman gurbin jami'a ya zama likita ko masanin kimiyyar dabbobi.

6.0 Matsalar Harshe a Fagen Aiki

Dabba ba ta magana, mai ita ne yake faɗin abin da ya gani. Ke nan rabin gano cuta yana cikin zance. Ɗalibi ya koyi sunayen cututtuka da Ingilishi da Latin, amma a ruga zai ji sammore da boru da kirci da bakkale da harbin daji. Wasu daga cikin waɗannan kalmomi Hausa ta aro su ne daga Fulatanci, abin da yake nuna daɗaɗɗiyar cuɗanya tsakanin al'ummun biyu.

Sunayen gargajiya suna bin hanyoyi daban-daban. Wasu suna nuna gaɓar da cuta ta kama, kamar ciwon huhu da ciwon hanta da ciwon saifa. Wasu suna nuna abin da aka ɗauka shi ne sanadi, kamar harbin daji, wanda yake ɗauke da tunanin cewa wani abu ne na ɓoye ya harbi dabbar a dawa. Kimiyya kuwa tana raba cututtuka ne bisa ƙwayar da ta haddasa su. Saboda haka suna ɗaya na Hausa yana iya rufe cututtuka biyu ko uku. Makiyayi yana iya kiran duk ramar da ta daɗe sammore, alhali ramar tana iya zama daga cizon tsando, ko tsutsar ciki, ko ƙarancin abinci a ƙarshen rani, kuma kowanne maganinsa daban. Malamin da ya ji suna ya zuƙi allura ba tare da ƙarin tambaya da gwaji ba zai ɓata kuɗin mai dabba, ya kuma bar cutar a inda take.

Misali na biyu ya shafi ciwon saifa. Al'ada ce idan aka ga dabba tana neman mutuwa a gaggauta yanka ta don kada ta zama mushe. A wannan cuta kuwa, buɗe gawar yana sa ƙwayar ta yi wa kanta sulke ta zauna cikin ƙasa shekaru masu yawa, kuma mai fiɗa da mai cin naman suna cikin haɗari. Hana mutum yanka dabbarsa a irin wannan hali yana buƙatar lafazi da sanin al'ada da hujjar da zai gamsu da ita, kuma manhajar da aka rubuta da Ingilishi ba ta tanadi wannan ba.

Na uku shi ne wa'adin da ake jira bayan an yi wa dabba magani kafin a sha nononta ko a ci namanta. Babu daidaitacciyar kalmar Hausa da aka yarda da ita ga wannan ma'ana, kuma bayanin da ke jikin kwalba da Ingilishi ko Faransanci yake. Sakamakon haka nono da nama masu ragowar magani suna isa kasuwa, ƙwayoyin cuta kuma suna sabawa da maganin har ya daina yi musu aiki.

7.0 Sauran Ƙalubale

Ana sayar da magungunan dabbobi a rana a kasuwannin ƙauye, kuma kowa yana iya saye ya yi allura da kansa. Wannan yana rage darajar mai horo, yana kuma ƙara yawan jabun magani. Rashin tsaro a wasu dazuzzuka ya hana ma'aikata isa rugage, rashin wutar lantarki kuma yana wahalar da adana rigakafi. Bugu da ƙari, kiwon awaki da tumaki da kaji a cikin gida galibi a hannun mata yake, kuma namiji baƙo ba ya shiga gidan kulle, don haka horar da mata a wannan sana'a zai kai hidima inda maza ba sa kaiwa. Wannan yana da muhimmanci ga burin da duniya ta sa na kawar da annobar awaki da tumaki kafin 2030.

8.0 Kammalawa

Maƙalar ta nuna cewa sana'ar malamin dabbobi tana da tarihi na kusan ƙarni guda a Arewacin Nijeriya, tana da tsararrun matakan horo da fagagen aiki masu faɗi. Ta kuma nuna cewa giɓin da ke tsakanin harshen aji da harshen ruga yana shafar ingancin aikin kai tsaye. A nan manazarta Hausa suke da rawar takawa: tattara sunayen cututtukan dabbobi daga karuruwan Kano da Katsina da Sakkwato da Zazzau da Damagaram, a gwada su da rabe-raben kimiyya tare da likitoci, a samar da ƙamus na fannin, a kuma fassara bayanan magunguna. Haka nan ya kamata kwalejoji su sanya darasin sadarwa da Hausa da Fulatanci cikin horonsu, domin ɗalibin da zai yi aiki a ruga ya fita da kalmomin da zai yi aikin da su.