Karaya, Targaɗe da Gocewa: Mu San Bambancinsu

'Yan'uwa, idan kaka ta yi a Faru da Bakura da Talata Mafara, samari sukan fita dambe da kokawa, yara kuwa kullum suna filin ƙwallo. A nan akan ji ciwo da yawa. Sau da dama sai a ce, "Ai targaɗe ne," alhali kuwa ƙashi ne ya karye. Wanda ya ba ciwo sunan da ba nasa ba, zai yi masa maganin da ba nasa ba. Saboda haka bari mu koyi kalmomin nan.

Babban mutum yana da ƙasusuwa 206. Inda ƙashi biyu suka haɗu, shi ne gaɓa. Jijiyoyi masu ƙarfi ne suke ɗaure gaɓa, guringuntsi kuma yana rufe bakin ƙashi don kada su goge juna.

1. Targaɗe. Jijiyar gaɓa ce ta miƙe fiye da kima ko ta yage, amma ƙashi lafiya lau. Maganinsa hutu, da ƙanƙara ko ruwan sanyi, da ɗauri marar tsanani, da ɗaga ƙafar sama.

2. Gocewa. Kan ƙashi ya fita daga mazauninsa, kamar yadda kafaɗar ɗan kokawa takan yi. Kada ɗan kallo ya ja ta da ƙarfi.

3. Karaya. Ƙashi ya tsage ko ya rabu. Idan ya huda fata, ƙwayoyin cuta suna iya shiga har ɓargo. A rufe da tsabtataccen ƙyalle, a tafi asibiti nan da nan.

4. Amosanin gaɓa. Guringuntsi ne ya cinye, yawanci a gwiwar tsofaffi.

Ido ba ya iya rarrabe targaɗe da tsagewa koyaushe. Hoton ƙashi ne yake nunawa, wanda wani Bajamushe mai suna Röntgen ya gano hikimarsa a 1895. A Kano akwai Asibitin Ƙashi na Dala, wanda aka buɗe a 1959.

Ga gargaɗi game da ɗori. Bayan karaya wurin yakan kumbura. Idan an ɗaure kara ko sanduna tamau, jini ba zai wuce ba, naman ya mutu, har ya kai ga yanke hannu. Ko simintin asibiti ma yakan matse. Iyaye, ku duba yatsun yaronku. Idan sun yi sanyi, ko sun yi baƙi, ko ba ya jin taɓawa, ko zafi yana ta ƙaruwa, a sassauta ɗaurin gida, a kai shi ga likita a ranar. Kada a jira gari ya waye.

Tambayoyi: Mene ne bambancin targaɗe da gocewa? Waɗanne alamu ne suke nuna ɗori ya matse?