Dara da Na'ura: Mene Ne Mutum?

Ɗan'uwa mai karatu, ka san dara. Bayan kaka, idan hatsi ya shiga rumbu, dattawan Sarkin Yamma da na sauran garuruwan ƙasar Maradi sukan zauna a inuwa. Sukan haƙa gidaje 30 a ƙasa. Wannan yana da kara 12, wancan yana da tsakuwa 12. Wanda ya jera uku sai ya ci ɗaya na abokinsa. Wasa ne na masu tunani.

Sauran al'ummai ma suna da irin tasu darar, kuma yanzu na'ura ta shiga cikinta. A shekarar 1997, a Amurka, wata kwamfuta mai suna Deep Blue ta ka da Garry Kasparov, gwanin duniya a darar da ake kira ces. Tana iya duba wasa wajen miliyan 200 cikin daƙiƙa ɗaya. Mutanen Sin da Koriya da Japan suna da wata dara mai gidaje 361, sunanta go. Aka ce wannan kam ta fi ƙarfin na'ura. Amma a watan Maris na 2016, a birnin Seoul, wata mai suna AlphaGo ta kara da gwani Lee Sedol sau 5, ta ci 4. A 2017 aka yi wata sabuwa. Ba a nuna mata wasan mutum ko ɗaya ba, dokoki kaɗai aka ba ta. Ta yi ta karawa da kanta kwana 3, sa'an nan ta cinye ta farin sau 100 a jere.

Kada mu ruɗi kanmu. Wajen lissafi na'ura ta wuce mu. Da za a koya mata dararmu, babu dattijon da zai tsaya gabanta.

To, bari mu dubi mutum biyu da abin ya shafa.

Lee Sedol tun yana yaro yake wasan go. Da ya fāɗi sau uku a jere, ya nemi gafarar mutane, don yana ganin ya kunyata su. A 2019 ya bar wasan. Ya ce ko da ya fi kowa, akwai abin da ba zai iya kayarwa ba. Kada mu yi masa dariya. Wanda ya jingina dukan darajarsa a kan gwaninta, ran da aka fi shi, da me zai tsaya?

Na biyun sunansa Marion Tinsley, malamin lissafi a Amurka, mai wa'azi kuma. Shi ne sarkin wata darar Turawa, wadda ake tsallake ɗan abokin wasa a cinye shi. Cikin shekara fiye da 40, faɗuwarsa ba ta kai sau 10 ba. Da aka yi na'ura mai suna Chinook a Kanada, sai ya yi murna, gama ya sami abokin karawa wanda ba ya tsoronsa. Har ya ajiye sarautarsa don ya kara da ita. A 1992 ya ci ta a Landan. A 1994 suka sāke haɗuwa, suka yi kunnen doki sau 6, sai rashin lafiya ta sa ya janye. Ya rasu a 1995. Shi bai ga na'urar kamar mai ƙwace masa mutunci ba.

Ka lura da wannan. Dukan kunya da murna da tsoro da ke cikin labarin nan, a wajen mutane suke. Na'urar da ta ci ba ta yi guɗa ba. Da Lee ya ka da ita a karo na huɗu, jama'a suka tafa masa, ita kuwa ba ta kwana da baƙin ciki ba. Ba ta san an taru dominta ba.

Littafin Farawa ya koya mana cewa darajar mutum daga Mahaliccinsa take, tun kafin ya iya ƙirga yatsunsa. Saboda haka, uba, idan ɗanka ya fāɗi jarrabawa, kada ka ce masa ba shi da amfani. Uwa, idan kakar yara ta soma mantuwa, har tana tambayar abu ɗaya sau biyar, mutuncinta bai ragu ba. Wanda ya ci makaranta kuma kada ya raina wansa mai riƙe da hauya.

A wurin dara ma ana ganin abin da na'ura ba ta da shi. Dattijo yakan sassauta wa jikansa don yaron ya koya. Wanda aka cinye yakan haɗiye fushi, gobe ya dawo ya gai da wanda ya cinye shi. Idan aka kawo labarin rasuwa, sai a share gidajen da ƙafa a tashi, ko da saura ɗaya mutum ya ci.

Da dare, bayan tuwo, ku karanta wannan darasi tare da iyali. Ku tambayi yara: don me Lee ya bar wasa, Tinsley kuwa ya yi murna? Ku bar ƙaramin cikinsu ya fara amsawa.