Kafin ka soka wa tunkiyarka allurar kalsiyam

A lungunan Fagge da wuya ka rasa gidan da aka ɗaure rago ko tunkiya, ga kuma shagunan magani nan kusa a Sabon Gari. Tunkiya mai tsohon ciki ta kwanta ta kasa tashi, maƙwabci ya leƙo ya ce ƙarancin kalsiyam ne, a aiki yaro ya sayo kwalba, a ɗura mata a jijiyar wuya gaba ɗaya. Kafin a zare allurar ta miƙe ƙafafu, sai a ce kwananta ne ya ƙare. Sau da yawa maƙwabcin ya gano cutar daidai, saurin hannun ne ya yi ɓarnar.

Da kalsiyam zuciya take aiki. A kowane bugu yakan kutsa cikin ƙwayoyin tsokarta sai ta matse, a kwashe shi sai ta saki. Tun 1883 wani likita a Landan, Sydney Ringer, ya nuna cewa zuciyar kwaɗo da aka ciro ba ta daɗewa tana bugawa a ruwan gishirin da babu kalsiyam. To idan aka kwarara mata shi lokaci guda, bugun yakan yi ƙarfi, ya ragu, ya rikice, wani lokacin ta tsaya cak.

Don haka allurar jijiya aikin likitan dabbobi ce. Zai ɗumama kwalbar ta kai ɗumin jiki, ya bar ruwan yana shiga a hankali, minti 10 zuwa 20 idan saniya ce, yana sauraron ƙirjinta. Da ya ji bugun ya fara tsalle sai ya dakata. Idan likita ya yi nisa, buga masa waya ya faɗa maka adadi, ka yi ta ƙarƙashin fata, a raba wuri biyu ko uku. Kada ka ƙara wata don ka ga ba ta tashi nan take ba.

Oksitetrasaikilin, allurar nan da ake yi wa kowace cuta, tana da nata sharrin ta ɗaya gefen: idan ta shiga jijiya da sauri takan kama kalsiyam ɗin jini, dabba ta zube. Tilmikosin kuwa, na ciwon huhu, yana toshe hanyar shigar kalsiyam zuciya. Allurarsa tana kashe akuya da doki, ta kashe mutum ma idan ya soki kansa bisa kuskure. Ni ban ga dalilin ajiye ta a gida ba.

Ba allura kaɗai ke cutar da zuciya ba, har da abinci. Masu dawakin hawan Sallah, ku raba dawakinku da abincin kaji, domin wani yana ɗauke da maganin monensin, kuma kaɗan daga cikinsa ya isa ya lalata zuciyar doki. Idan ka sayo harawa, ka bincika ko an haɗo da ganyen tumfafiya. Farin ruwanta na da gubar da ke tara kalsiyam a tsokar zuciya.