Hankaka da Manomi: Farautarsa da Kira da Yaudara, da Hanyoyin Tsare Gona

Garin Tungan Maje yana cikin Ƙaramar Hukumar Gwagwalada, kusa da Zuba, a Yankin Babban Birnin Tarayya wanda aka kafa a shekarar 1976. Tun da aka mayar da mazaunin Gwamnatin Tarayya Abuja a 1991 jama'a ke ta ƙaruwa a garuruwan wannan yanki, kasuwanni da mayanka da juji suna yawaita, gonakin masara da dawa da gyaɗa kuwa suna nan daf da gidaje. Irin wannan wuri shi hankaka ya fi so, domin yana kalaci a juji, sa'an nan ya faɗa gona. Abin da ya sami manomin Tungan Maje shi ke samun ɗan'uwansa a bayan ganuwar Kano ko Zariya ko Katsina. Saboda haka ya kamata kowane manomi ya san halin wannan tsuntsu kafin ya ɗaura yaƙi da shi.

Siffarsa da halinsa

Hankakan ƙasar nan baƙi ne wuluk, sai dai ƙirjinsa da kewayen wuyansa farare ne kamar ya sa 'yar shara. Tsawonsa daga baki zuwa wutsiya ya kai kimanin inci 18 zuwa 20. Ana samunsa a kusan dukkan ƙasashen Afirka da ke kudu da Sahara. Yakan yi sheƙa da ƙirare a kan dogayen itatuwa kamar giginya da rimi, ko bisa turakun wayar lantarki, macen kuma takan yi ƙwai uku zuwa shida.

Hausawa suna yi masa kirari da mai da ɗan wani naka, har waɗansu suna zaton ba ya ƙwai, satar 'ya'yan waɗansu tsuntsaye yake yi. Masana sun gano cewa hankaka yana ƙwai sarai. Abin da ke faruwa shi ne akwai wani tsuntsu mai tukku da doguwar wutsiya wanda ba ya yin sheƙa, sai ya faki idon hankaka ya saka ƙwansa a cikin nasa. Hankaka ya kwanta a kai, ya ƙyanƙyashe, ya yi renon ɗan da ba nasa ba. Ashe shi ake cuta.

Wayonsa kuwa sananne ne a cikin tsuntsaye. A shekarar 2006 masana a Jami'ar Washington ta Amurka suka sa wata fuskar roba suka kama hankaki kaɗan, suka sake su. Shekaru bayan haka duk wanda ya sa wannan fuska sai hankaki su bi shi da kuka, har da waɗanda ba a taɓa kamawa ba. Watau hankaka yana gane fuskar wanda ya cuce shi, 'yan'uwansa kuma suna koya daga gare shi. Duk dabarar da za a yi masa, lalle ne a tuna da wannan.

Ɓarnarsa da amfaninsa

Ɓarnar hankaka iri uku ce. Yana tone iri bayan shuka, musamman masara da gyaɗa, har ya tuge tsiro don ya ci ƙwayar da ke gindinsa. Yana yage bawon masara idan ta fara nuna ya ci ta sama, ruwa ya shiga sauran ya ruɓe. Yana kuma shan ƙwai, ya sure 'yan tsaki a tsakar gida. Manomin da aka tone wa shuka sai ya sayi wani iri ya yi ƙorfi, ga damina ba ta jiran kowa.

Amma kuma yana da rana. Yana cin fara da tsutsa da gwazarma da ƙananan ɓeraye, yana kwashe mushe da ƙazantar mayanka waɗanda in an bar su za su jawo ƙuda da cuta. Ƙasar Sin ta ga sakamakon raina irin wannan amfani. A 1958 hukuma ta sa jama'a su ƙare gwarare don suna cin hatsi, aka kashe su bila adadin. Sai ƙwari suka yi yawa suka afka wa amfanin gona, har a 1960 aka janye umurnin. Manufa dai ita ce a tsare gona, ba a ƙare tsuntsu ba.

Yadda ake yaudararsa

Yaudarar dabba ba baƙon abu ba ne ga maharban ƙasar Hausa. Tun kaka da kakanni maharbi yakan ɗaura kan burtu a goshinsa, ya lulluɓe jikinsa da baƙin zane, ya tafi da rarrafe yana sunkuyar da kai kamar tsuntsu mai kiwo, har ya kusanci nama bai ankara ba. Haka nan yara masu ɗana asuta sun san tsuntsu ya fi sauka inda ya ga ɗan'uwansa. Maharban hankaka na Amurka da Ingila a kan wannan ilmi suka gina tasu sana'a. Dabarunsu su ne waɗannan.

1. Kira. Akan yi 'yar mabusa ta itace mai siririn harshe a ciki, ko a yi da baki da tafin hannu. Kukan hankaka ba ɗaya ba ne: akwai na an sami abinci, akwai na tara dangi a kan abokin gaba, akwai na wanda aka kama, akwai na gargaɗi. Ukun farko suna jawo shi. Wanda ya yi kuskure ya busa na gargaɗi kuwa ya kori garken da kansa.

2. Siffar hankaka. Akan sassaƙa itace, ko a cusa tsumma a baƙin ƙyalle a ɗinka fari a ƙirji. A ajiye waɗansu a ƙasa kamar suna kiwo, a ɗora ɗaya a kan reshe mai tsawo, domin sau da yawa garken hankaki yakan yi kiwo da mai gadi a sama.

3. Siffar mujiya. Tsakanin hankaka da mujiya akwai tsohuwar gaba, domin manyan mujiyoyi suna kama shi da dare a wurin kwanansa. In ya ga mujiya da rana sai ya tara dangi su yi mata taron dangi. Maharbi yakan kafa siffarta a kan sanda, ya ajiye siffar hankaka a ƙarƙashinta, ya busa kukan wanda aka kama.

4. Maɓoya. Hankaka yana da kaifin ido. Sai an yi 'yar bukka ta kara ko ganye, an rufe fuska da hannuwa, an shiga tun kafin gari ya waye, a kan hanyar da suke bi daga makwanci zuwa wurin kiwo.

5. Keji. Akan yi babban keji na waya mai rufi kamar kwari, a bar 'yan ƙofofi a tsakiya kamar matakan tsani. Hankaka yana iya faɗawa ciki da fikafikai a naɗe, amma ba ya iya fita da su a buɗe. A Ingila doka ta wajabta wa mai sa tsuntsu mai rai a keji don jawo waɗansu ya ba shi ruwa da abinci da inuwa, ya kuma duba kejin kullum.

Duk da haka a sani yaudara ba ta daɗewa. Waɗanda suka tsira sun riga sun gane wurin da kiran, ba za su sake kusanta ba. Shi ya sa farauta kaɗai ba ta raba gona da hankaka, muddin juji da mayanka suna ciyar da shi.

Hanyoyin da suka fi sauƙi

Manomi ya binne iri da kyau ya taka ramin, kada ya bar ƙwaya a fili. Maƙwabta su yi shuka lokaci ɗaya don ɓarna ta rarrabu. A kafa sanduna a ja zare ko kirtani a saman gona, a rataya abubuwa masu walƙiya, gama hankaka yana tsoron abin da zai taɓa fikafikinsa. Mutum-mutumi yana aiki in ana sauya masa wuri da riga bayan kwana biyu ko uku. Haka nan siffar mataccen hankaka da aka rataye kai ƙasa tana razana su. Makonni biyu na bayan shuka da lokacin nunar masara su ne ke bukatar gadi safe da yamma. 'Yan tsaki kuwa a kife su da kwando ko a tsare su a akurki har su yi ƙwari. Masu unguwa da sarakunan pawa su ga an binne ƙazantar mayanka, an kwashe juji.

Gargaɗi

Kada a sa guba a nama ko hatsi. Guba ba ta zaɓe: tana kashe kaji da zabi da karnuka, tana iya kaiwa ga yaro. Tana kuma kashe ungulu, wadda tun 2015 aka sa irin wadda aka saba gani a mayankan ƙasar nan cikin jerin tsuntsayen da ke daf da ƙarewa a duniya.

Riƙe bindiga, ko da ta gargajiya ce, sai da lasisi. Ba a harbi kusa da gidaje ko hanya, ba a farauta a gandun dajin hukuma. A 1985 Gwamnatin Tarayya ta kafa dokar kare namun daji da tsuntsayen da ke fuskantar ƙarewa, saboda haka kada a kama mujiya ko shaho mai rai don yaudara. Siffar itace ta wadatar.

Kada a taɓa mataccen tsuntsu da hannu. A watan Fabrairu na 2006 aka tabbatar da ɓullar murar tsuntsaye a wata gonar kaji a Jihar Kaduna, hankaka kuwa yana iya ɗaukarta in ya ci mushen kaza. Wanda ya ga tsuntsaye suna mutuwa da yawa ya sanar da malamin dabbobi nan da nan.

Manomin da ɓarna ta fi ƙarfinsa ya je wurin malamin gona na yankinsa ko sashen aikin gona na ƙaramar hukumarsa, tun kafin lokacin shuka ya zo.