Ciwon Ɓarin Kai da Hawan Jini: Abin Yi da Abin Bari

A Bauchi, daga Ƙofar Wambai zuwa Wunti, kemis da yawa yanzu suna da na'urar awon jini a kan kanta, kuma wannan abin murna ne. Abin da ke tayar mini da hankali shi ne lokacin da mutane ke zuwa awon. Sai kai ya ɗauki sara, ido ya kasa kallon haske, zuciya tana tashi, sannan a lallaɓa a miƙa hannu. Na'ura ta nuna 160 bisa 100, yaron kemis ya ce, "Hajiya, ai jininki ne ya hau," ya ƙulla ƙwayoyi kala uku a leda babu suna babu takarda. Daga ranar an laƙaba mata ciwon da wataƙila ba ta da shi, an kuma ba ta maganin da zai iya kayar da ita. Don haka a saurara.

Ka san wanda ya jawo wani. Ciwon ɓarin kai yakan kama gefe ɗaya, yana bugawa, da tashin zuciya ko amai, da ƙin haske da ƙara, kuma yakan ɗauki awa 4 zuwa 72 in ba a yi magani ba. Azaba irin wannan tana sa jiki ya saki sinadarin adiranalin, zuciya ta ƙara gudu, jijiyoyin jini su tsuke, lamba ta hau. Haɗa da fargaba, da rashin barci, da tattakin da aka yi cikin rana kafin a isa kemis. Galibi ciwon na lafawa jinin zai sauka da kansa. Shi kuwa hawan jini na dindindin, yawancin masu shi ba sa jin komai, ko ciwon kai babu, sai ranar da ya yi ɓarna.

Kada ka yarda a yanke maka hukunci da awo ɗaya da aka yi kana tsakiyar ciwo. Lambar ranar nan sammaci ce: tana nufin ka dawo a sake dubawa. Likita ba ya cewa mutum na da hawan jini sai awo ya kai 140 bisa 90 ko sama a ranaku daban-daban, mutum yana cikin natsuwa.

Kada kuma ka yi watsi da lambar don kai ya sake ka. Nan ne mutanenmu suka fi yin asara. Ana jin sauƙi an koma kasuwa, an manta da maganar awo sai wani ciwon ya zo. Ka bari kwana biyu su wuce bayan ka warware, sannan ka yi awo safe da yamma na mako guda. Ka zauna minti 5 tukuna, bayanka a jingine, ƙafa a ƙasa ba a harɗe ba, hannu a kan tebur daidai ƙirji. Ka yi fitsari kafin ka zauna. Babu goro, babu kofi, babu sigari na rabin awa kafin awo, kuma ka yi shiru na'ura tana aiki. Awo biyu, minti ɗaya a tsakani, ka rubuta duka da kwanan wata a ƙaramin littafi. Wannan littafin shi za ka ɗauka ka kai wa likita, kuma ya fi duk wani bayani da za ka yi da baki.

Kada ka taɓa shan maganin hawan jinin wani. Na Baba na Baba ne, na kishiya nata ne. Mafi muni shi ne a fasa ƙwayar nifedifin a sa wa mutum a ƙarƙashin harshe wai don jini ya sauka nan take. Likitoci sun daɗe da barin wannan, domin faɗuwar jini farat ɗaya tana rage jinin da ke isa ƙwaƙwalwa da zuciya, har ta jawo shanyewar ɓarin jikin da ake gudu. Wanda ya miƙo maka ita a kan kanta, ka ce masa ba ka so.

Ka haddace alamun da ba a jira da su, ka kuma koya wa mutanen gidanka, domin a ranar wataƙila ba kai za ka iya magana ba. Ciwon kai da ya faɗo lokaci guda ya kai ƙarshen tsanani cikin minti ɗaya, irin wanda ba ka taɓa ji ba. Baki ya karkace, hannu ko ƙafa ta mutu, magana ta sarƙe. Gani ya ɗauke ko abu ɗaya ya zama biyu. Ruɗewa, suma ko jijjiga. Ciwon ƙirji ko numfashi sama-sama. Zazzaɓi da sandarewar wuya, musamman a watannin zafi, don Bauchi tana cikin yankin da sanƙarau ke yi wa dirar mikiya, kuma dattawanmu ba su manta annobar 1996 ba. Sabon ciwon kai ga wanda ya haura shekara 50, ko bayan buguwa a ka. Ɗaya daga cikin waɗannan ya isa. A tare Keke Napep a nufi sashen gaggawa na Asibitin Koyarwa na Abubakar Tafawa Balewa ko Asibitin Ƙwararru, ko da tsakar dare ne. A riƙe lokacin da abin ya fara, za a tambaya. Kada a ɗura wa mara lafiyar ruwa ko rubutu in ba ya iya haɗiya. Kada a ba shi asfirin, don in jini ne ya tsinke a ƙwaƙwalwa ƙara shi zai yi. Addu'a a yi ta a kan hanya.

In na'ura ta nuna 180 bisa 120 ko sama, babu ɗaya daga cikin alamun nan, ka zauna minti 5 ka sake. In tana nan, ka ga likita a ranar, ba gobe ba.

Ke mai ciki, wannan taki ce, kuma babu sassauci a ciki. Daga mako na 20 zuwa sama, ciwon kai da awo 140 bisa 90 ba abin da za a ce "ai dama tana da ciwon ɓarin kai" ba ne. In ya zo da duhun gani, ko kumburin fuska da hannu, ko ciwo a saman ciki ƙarƙashin haƙarƙari, hanyar jijjiga ce, wadda ke kashe uwa da ɗa. Asibiti nan take. Haɗarin yana nan har makonni 6 bayan haihuwa. Ku iyaye da surukai, ku ji tsoron Allah a kan kunun kanwa: kanwa cike take da sinadarin da ke cikin gishiri, kuma tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suka danganta yawan shanta da wankan jego mai tsananin zafi da ciwon zuciyar masu jego. Mai jegon da ke kukan kai, awo take buƙata kafin kofin kunu na gaba.

Kada ka ɗauka duk maganin ciwo ɗaya ne. Ibuprofen da diklofenak suna iya ɗaga jini, su taɓa ƙoda, su ci ciki, don haka mai hawan jini ko gyambon ciki ko ciwon ƙoda ya tambayi likita kafin ya sha. Ergotamin, wanda ke cikin Cafergot, da sumatriptan suna tsuke jijiyoyin jini, kuma an hana su ga wanda jininsa bai daidaita ba, da mai ciwon zuciya, da wanda ya taɓa shanyewar jiki. Mai ciki kada ta kusanci ergotamin. Wasu magungunan mura ma suna ɗaga jini. Tiramol da kodin kuwa ba maganin ciwon ɓarin kai ba ne ko kaɗan, kuma mun ga abin da suka yi wa samarinmu.

Farasitamol na miligiram 500, babba mai lafiyar hanta yana iya shan biyu, amma kada ya wuce takwas a awa 24. Ka duba kwalin sauran magungunan da kake sha, da yawansu da farasitamol a ciki.

Ka ƙirga ranakun da kake shan maganin ciwon kai. In sun kai 15 a wata ga na yau da kullum, ko 10 ga masu haɗi da masu ƙarfi, maganin da kansa yana iya komawa ya riƙa haifar da ciwon. Lokaci ya yi da za a nemi na rigakafi. Furofiranolol, misali, yana rage yawan zuwan ciwon ɓarin kai kuma yana saukar da jini, amma mai asma ba ya shan sa, shi ya sa likita ne zai zaɓa.

In ciwon ya taso irin wanda ka saba, ka sha maganinka da wuri kafin amai ya fara, ka sha ruwa, ka shiga ɗaki mai duhu, ka ɗora tsumma mai sanyi a goshi, ka ajiye waya. Kada ka zauna kana danna na'ura duk bayan minti biyar. Kowace lamba tana ƙara fargaba, fargaba tana ƙara lamba.

In dama likita ya ɗora ka a kan maganin hawan jini, ka ci gaba da sha yadda aka rubuta. Kada ka ninka don kai na ciwo, kada ka daina don ka ji garau. Zoɓo da tafarnuwa ba sa maye gurbinsa.

Ke da kike ganin walƙiya ko layuka masu kyalli kafin ciwon ɓarin kai ya taso, ki faɗa wa ma'aikaciyar tazarar haihuwa kafin ta ba ki ƙwaya. Ƙwayoyin da ke da sinadarin istirojin suna ƙara haɗarin shanyewar jiki ga masu irin wannan ciwon, kuma akwai wasu hanyoyin da suka dace da ke. Wannan walƙiyar takan zo a hankali ta wuce cikin awa ɗaya. In karon farko ne, ko ta zarce awa, a je asibiti.

Ka rage gishiri. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ƙasa da giram 5 a rana, kusan ƙaramin cokali ɗaya, kuma dunƙulen miya da yajin tsire duk suna cikin lissafin. Kada ka tsallake abinci, kada ka raba dare kana hira. Da azumi kada ka bar sahur, ka sha ruwa sosai tsakanin buɗa-baki da asuba, kuma mai cin goro ko shan kofi ya fara ragewa tun Sha'aban.

Ku mazan gida, kada ku kira ciwon ɓarin kai raki. Ya fi kama mata kusan ninki uku. In ka shigo ka tarar da matarka ta ɗaure kai tamau da ɗankwali, ta sauke labule, ta juya wa ƙofa baya, ka kwashe yara ka rage rediyo, ka nemo wanda zai ɗora tukunya. Kada ka turnuƙe ta da hayaƙin turare wai iska ce, ƙamshi mai ƙarfi ƙara ciwon yake yi. Kada ka kira wanzami ya yi mata ƙaho a ƙeya da sunan cire mugun jini. In ta warware, kai za ka ba da kuɗin kati, ka raka ta asibiti da littafin awon a hannu.