Kafin ka kwance shakazobar motarka a ƙofar gida

Sana'ata gyaran ƙafar mota. Tun da kuɗin gyara ya yi tsada, na lura masu tsofaffin motoci irin su Corolla da Golf da Fijo 406 suna sayo shakazoba a Ƙofar Ruwa ko Panteka su ɗaura da kansu ranar hutu. Ban ga laifinsu ba. Sai dai akwai wuri ɗaya a aikin nan da ke karya hannu, har ya yi kisa.

Shakazoba iri biyu ce. Akwai wadda take ita kaɗai, sifirin yana gefe daban. Wannan da sauƙinta. Ta gaban yawancin ƙananan motoci kuwa a cikin sifirin take, an danne shi da noti guda a tsakiyar kanta. Sifirin nan shi ke ɗauke da nauyin gaban mota, kuma ko ka ciro su tare ka ajiye a ƙasa, yana nan a danne da ƙarfin ɗaruruwan kilo. Ka buɗe bonet ɗin Corolla, za ka ga ƙananan noti uku sun kewaye babba ɗaya. Ukun nan su ke riƙe ta da jikin mota, su ake kwancewa. Na tsakiyar shi ke riƙe da sifirin. Wanda ya kwance shi bai matse sifirin ba, murfin ƙarfen da ke kan sifirin zai tashi kamar harsashi, kuma galibi fuskar mutum ce a saitinsa, don a sunkuye ake aikin.

Akwai ƙarfe na musamman mai zare da ƙugiya da ake matse sifirin da shi, guda biyu, ɗaya daura da ɗaya, ana ɗaure su bi da bi har sifirin ya saki mazauninsa. Na sha ganin masu ɗaure shi da igiya ko waya. Don Allah a daina. In ba ka da ƙarfen, ciro shakazobar da sifirinta a haɗe, ka kai gareji a sauya maka cikin 'yan mintuna, ka dawo ka ɗaura abinka.

Kada ka sa hannu ƙarƙashin motar da jak kaɗai ke ɗauke da ita. Ka tokare ta da abin tsayawa na ƙarfe a kan daɓe mai ƙwari, ka sa waigi a tayoyin da ke ƙasa. Bulon siminti fashewa yake yi.

Shakazobar dama da ta hagu tare ake canza su, in ba haka ba mota ta riƙa rinjaya a kwana da wajen taka birki. 'Yar Beljiyam kuma, komai ƙyallinta, ta riga ta ci hanya a wata ƙasa. Wadda ka ga mai ya jiƙa jikinta, bar musu kayansu. Notin da ya ratsa roba sai an sauke mota ta tsaya da ƙafafunta ake gama ɗaure shi, don kada robar ta murɗe ta yage.

In ka gama, ka wuce wajen masu saitin taya a ranar, don cire ta gaba yakan gocar da saiti, taya ta cinye ta gefe ɗaya. Allah Ya tsare.